Rabon Zarto

Ta share dusar katako da gefen hannunta, ta ɗora kwamfutarta a kan bencin aikina. Shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya taɓa ajiye wani abu a kan bencin nan sai da izinina.

"Ɗauke," na ce.

"Minti goma kawai, Baba."

Uwata ke nan, 'yata ta fari. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na kiran sunan. Tun tana 'yar shekara shida take raɓewa a ƙofar shagon nan tana kallon hannuna, ina korar ta. Shagon kafinta ba wurin mace ba ne, haka na ce a lokacin. Ta yi karatu, ta zama malama, daga baya wata cibiyar koyar da sana'a ta ɗauke ta aiki. Ɗaliban cibiyar a waya suke karatu, kowa a inda yake, sai ranar gwajin hannu suke haɗuwa. Aikinta shi ne ta gina musu tambayoyin da za su riƙa bita da su.

Ta juyo min da fuskar kwamfutar. Ga hoton dogon katako, ga fensir, ga zarto a gefe.

"Da wannan manhajar nake gina su. In sa hoto, in rubuta abin da ake so, in nuna mata hanyar da take daidai. Ɗalibi ya ja fensir da yatsa a wayarsa ya yi layi, ya ja zarto ya yanka. In ya yi daidai, kore ya fito. In ya kuskure, ja."

"To ni me ya kawo ni ciki?"

Ta nuna wani farin fili a ƙasan hoton.

"Nan ake sa abin da zai ji idan ya kuskure. Sauran malamai 'sake gwadawa' kawai suke rubutawa. Ni ba na so. Wanda bai san abin da ya ɓata ba, me zai sake? Daidai ɗin na sani, yana cikin littafi. Kuskuren ne ba ya cikin littafi. Yana wurinka."

Maganar ta shige ni. Ban nuna ba.

"Ƙafafun kujera huɗu, kowace inci ashirin," ta ce. "A ina sabon yaro yake ɓatawa?"

"Yana zana layi huɗun gaba ɗaya, sannan ya ɗauki zarto. Kowane yanka ya cinye masa kaurin zarton. Ya gama, wata ƙafa ta fi 'yar'uwarta, kujera tana rawa."

"Sai ka ce masa me?"

"Ba na cewa komai. Ƙeyarsa nake duka."

"Waya ba ta da hannu, Baba."

Saura kaɗan in yi dariya. Na cire ƙusar da ke bakina, na yi tunani.

"Ki ce masa: ajiye zarto. Shi ma zarto yana cin rabonsa. Auna ɗaya, yanka ɗaya."

Ta rubuta. Sannan ta matso da bakinta kusa da kwamfutar ta faɗa da muryarta, ta danna, muryar ta dawo. A bayanta ana jin gudumata.

"Me ya sa sai da murya?"

"Da yawa cikinsu karatu bai zauna musu ba."

Ba ta kalle ni ba da ta faɗi haka. Aji uku na yi a makaranta.

Minti goman nan ya zama wata huɗu. Kowace Asabar bayan azahar tana zuwa. Muka yi ta ɗanyen katako, da ƙusar da ake bugawa kusa da baki har ta tsaga katako, da ƙofar da aka yi wa firam ba a sa sukwaya mai auna kusurwa ba, da tazarar rafta a rufin ɗaki. Wata tambayar ɗalibi ya jera matakan aiki da yatsa, wata ya zaɓi katako mai kyau cikin huɗu, wata ya taɓa inda haɗi zai fara saki. Kowane kuskure da nasa faɗan. Wani lokacin kafin in buɗe baki ta riga ta faɗi inda yaro zai ɓata. Ashe duk korar da nake yi mata, idonta yana nan.

Tambaya ɗari biyu muka yi. Ban san lokacin da na fara share bencin tun kafin ta iso ba.

Maƙwabcina mai walda ne. Mun tsufa tare muna zagin juna ta saman katangar kwano. Wata safiya ya leƙo.

"Tsoho, an ce yanzu a waya kake zagin mutane."

"Kai ma ka saya, in zage ka tun kafin in fito daga gida."

"Ai ka riga ka shigo min gida. Ɗana ya shiga cibiyar nan, ya hana mu sakat. Jiya gishiri ya yi yawa a miya, ya dubi uwarsa ya ce ajiye zarto."

Ranar na yi aiki ina fito. Rabona da fito tun ina saurayi.

* * *

Bayan 'ya'ya mata huɗu aka samu Auta. Ranar da aka haife shi na ce wannan ba zai shaƙi dusar katako ba, a ofis zai zauna. Ban taɓa barin shi ya riƙe guduma ba. In ya zo shago, kujera nake ba shi a waje, a inuwa.

Makaranta bai gama da kyau ba. Ya sayar da kayan waya, ya bari. Ya koyi tuƙi, ya bari. Shekararsa ashirin da shida, amma yana tashi da hantsi, ya guge riga, ya tafi bakin titi wurin abokai.

Sai aka ce wani kamfanin gine-gine zai ɗauki mutum goma daga cibiyar, waɗanda suka fi maki a waya kuma suka tsallake gwajin hannu. Da riga mai tambari, da albashi. Na sa aka rubuta sunan Auta. Da na ga dama, a bencina zan koya masa, a wata uku ya fi su duka. Amma sai masu wucewa su ga ɗan da na ce zai zauna a ofis yana shan ƙura a shagon ubansa. A waya ba mai gani.

Saura kwana uku a rufe tambayoyin, uwarsu ta zo shago. Ba ta zuwa. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana gyara mayafi.

"Malam, yaron nan bai taɓa buɗe abin ba."

"Wa ya faɗa miki?"

"Yayarsa. Ta ce tana ganin sunansa kullum, ko tambaya ɗaya babu. Sau biyar tana kiransa."

Na rufe shago tun kafin la'asar. Na same shi a ɗaki a kwance, ƙafa a jikin bango.

"Sabis ne babu, Baba."

"Na kallon ƙwallo fa? Shi daga wata ƙasa ake kawo maka?"

Ya sunkuyar da kai. Na dube shi, tsawona ne, hancina ne. Tafin hannunsa kuwa kamar na jariri. Ni na bar shi haka.

Na aika a kira min Uwata.

* * *

Na zauna a kujerar falo, wadda na yi da hannuna shekarar da aka haife ta. Ita ta zauna a ƙasa, ta gaishe ni. Uwarsu tana tsaye a bakin labule.

"Za ki ba ƙaninki amsoshin."



"Baba, kwana uku ne. In zai zauna daga safe zuwa yamma, zan zauna tare da shi. Ba zai shiga goman ba, amma zai iya wani abu. In bai samu bana ba, akwai baɗi."

"Baɗi. Ɗan mai walda ya riƙa wucewa da rigar kamfani, nawa yana zaune a bakin titi."

"Yaron nan ya faɗi fiye da sau ɗari uku, Baba. Kullum ina gani. Ya faɗi, ya saurara, ya sake."

"Ban kira ki ki ba ni labarin ɗan wani ba."

"Amana aka ba ni. Ni kaɗai ke da makullin tambayoyin nan. Kuma manhajar tana rubuta komai, ranar da mutum ya shiga, da mintin da ya yi."

"Tambayoyin na wa ne? Daga bakin wa suka fito? Wata huɗu ina ba ki su, ban ce ki biya ni ba. Abina ne nake cewa ki ba ɗana."

"Ka ba shi a benci, Baba. Can ne naka."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa raina ya ɓaci. Ban saba a mayar min da magana a gidana ba.

"Ni na haife ki ko cibiya?"



"Ki rufa mana asiri," uwarsu ta ce daga bakin labule. "Ke ce babba."

"In kika fita ƙofar nan ba ki yarda ba," na ce, "kada ki ƙara kawo min gaisuwa."

Na ga kafaɗunta sun sauka. Mace mai 'ya'ya uku, mai ɗalibai ɗaruruwa, ta koma 'yar shekara shidan nan. Ta tashi, ta sa takalmi, ta tafi.

Washegari da hantsi ta zo shago. Ba ta share bencin ba. Ta ajiye ambulan a kan dusar.

"Ga shi. Ban ba Auta ba. Kai na ba."

Na sa ambulan ɗin a aljihu, na kai gida da ƙafata. Auta ya buɗe, ya ga hotuna da amsoshi a jere, fuskarsa ta washe.

"Baba, bari in faɗi kamar ashirin da gangan. Kada a gane."

"Ɗan kafinta ya faɗi tambayar katako? A gidan nan? Duka za ka ci."

"Baba, ai ba wanda..."

"Duka na ce."

A kwance ya yi, takarda a ƙirji, waya a sama. Na tsaya a bakin ƙofa. Kowace amsa sai wayar ta yi ƙara siririya, kore ya fito. Ƙarar kawai. Muryar yayarsa ko sau ɗaya ba ta fito ba. A lokacin daɗi na ji.

* * *

Shugabar cibiyar da kanta ta kira ni. Ta ce suna so in zo ranar gwajin hannu in zama alƙali, tunda maganganuna ne suka tarbiyyantar da ɗaliban. Na ce zan duba ko ina da lokaci. Na sa aka wanke farar rigata, aka guge ta sau biyu.

Babban ɗaki ne mai rufin kwano, benci shida a jere, katakai a jingine da bango. Ɗalibai sun kai arba'in. Iyaye suna baya, mai walda yana cikinsu, ya ɗaga min hannu. Wakilin kamfani yana gaba da littafi a cinyarsa. Uwata tana gefe da kwamfutarta. Ba ta ɗago ba da na shigo.

Shugabar mace ce gajera mai tabarau, ba ta ɓata magana.

"Wannan shi ne mai faɗan da kuke sha a waya," ta ce musu.

Suka miƙe gaba ɗaya. Wani dogo mai tabon ƙuna a hannu ya ce, "Baba, ka yi min faɗa ya fi sau ɗari. Na gode." Aka yi dariya. Na gyaɗa kai sau ɗaya, na zauna a kujerar da aka tanadar min. Ban taɓa zama a gaban taro irin wannan ba.

"A bana mun ga abin da ba mu taɓa gani ba," Shugabar ta ce. "Ɗalibi ɗaya ya ci ɗari biyu cikin ɗari biyu. Kuma ba abin mamaki ba ne, ɗan gida ne. Da shi za mu fara."

Aka tafa. Auta ya fito yana murmushi. Aka ba shi katako, da tef na awo, da fensir, da sukwaya, da zarto.

"Ƙafafun kujera huɗu. Kowace inci ashirin."

Ya ja tef. Ya yi layi a ashirin. Ya yi a arba'in. Ya yi a sittin, ya yi a tamanin. Ya ajiye fensir ya ɗauki zarto.

Hannuna ya tashi daga gwiwata da kansa. Na danne shi da ɗaya hannun.

Daga bayan ɗaki wani ya fara, a hankali. Na biyu ya kama. Kafin a ce me, ɗakin duka ya ɗauka, kamar 'yan aji suna bitar karatu.

"Ajiye zarto. Shi ma zarto yana cin rabonsa. Auna ɗaya, yanka ɗaya."

Dariya suke yi. Sun ɗauka wasa yake, yana tsokanar ubansa a gaban mutane. Har wakilin kamfani ya murmusa.

Auta ya juyo da zarto a hannu.

"Me kuke cewa? Wane rabo?"

Dariyar ta mutu. Na ji ƙarar fanka a sama, da wani jariri a bayan ɗaki yana tsotson yatsa.

Shugabar ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta.

"Tambaya ta ɗaya ce," ta ce a hankali. "Wanda ya ci ta da kansa ba zai yi wannan layin ba. Wanda ya faɗi ta kuma ya ji maganar. Ci gaba, yanka."

Ya yanka. Zarton yana tsalle yana kamawa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya fi minti goma. Aka tsayar da guntayen huɗu a kan benci.

"Baba, kai ne alƙali."

Ba sai na auna ba, daga inda nake zaune na gani. Amma na tashi. Na ɗora sukwaya a kan kawunansu, na taɓa da yatsa. Ta yi rawa.

"Bai yi ba," na ce.

Iyakar gaskiyar da na faɗa a ranar ke nan.

* * *

Ofishin Shugabar ƙarami ne. Tebur ɗaya, kujeru uku. Aka ba ni mai laushin. Auta da Uwata suka tsaya.

Shugabar ta juyo da kwamfutarta muka gani. Ban iya karanta rubutun da sauri ba, ita ta karanta.

"Wata uku bai shiga ba. Saura kwana biyu a rufe ya shiga. Tambaya ɗari biyu a minti arba'in da biyu. Wasu ko hoton bai gama buɗewa ba ya amsa. Ni ma da laifina, maki na duba, ban duba wannan shafin ba." Ta dubi Auta. "Wa ya ba ka?"

Ya kalli ƙasa. Sannan ya kalle ni. Na kalli kalandar da ke bango.

"Ni ce," Uwata ta ce.

"Wani ya sa ki?"

"Ni ke da makullin, ranki ya daɗe."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba, Malama."

"Ni ce."

Shugabar ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta fuskance ni.

"Baba, ka yi haƙuri. Mun gayyato ka don mu girmama ka, ga abin da yara suka ja maka. Ko kana da abin cewa?"

Ambulan ɗin yana gida a aljihun tsohuwar rigata. Na san inda yake. Na san kalmomin da zan faɗa, ba su da yawa. Amma a waje akwai mutum arba'in da suka miƙe min tsaye ɗazu. Akwai dogon nan mai tabon ƙuna. Akwai mai walda.

"Allah ya kyauta," na ce.

Ta ci gaba da kallona. Na gyara wuyan riga.

Uwata ta cire katin aiki daga wuyanta ta ajiye a tebur. Ta ajiye kwamfutar cibiya a gefensa. Ta naɗe wayar cajin a hankali, ta ɗaure ta da kyau, yadda nake naɗe tef ɗina idan na tashi aiki. Ta rusuna wa Shugabar. Ta rusuna min. Ta fita.

A bakin ƙofar cibiya mai walda yana jira a kan babur ɗinsa. Ɗansa ya shiga cikin goman, na ji ana taya shi murna.

"Hau in sauke ka," ya ce.

Har muka isa bai ce uffan ba. Da ya zage ni da ya fi min.

A gida na samu Auta a tsakar gida yana shan ruwa. Na ɗaga hannu.

"Ni na ce in faɗi ashirin," ya ce. "Kai ka ce duka."

Na sauke hannun. Na shiga ɗaki na cire farar rigar. Ban sake sa ta ba.

* * *

Sau biyu ina zuwa ƙofar cibiyar ina juyawa. Na uku, bayan sati uku, na shiga da kayan aikina a jikina. Na ajiye ambulan ɗin a teburin Shugabar.

"Ni na sa ta. Na ce in ba ta yi ba, kada ta ƙara gaishe ni."

Ba ta taɓa ambulan ɗin ba.

"Na sani tun ranar, Baba. Shekara biyar muna aiki da ita. Shi ya sa na juyo gare ka, na tambaye ka. Na jira."

"Ga shi na faɗa. A mayar da ita."

"Da a ranar ka faɗa, da ina da abin da zan kai wa na sama da ni. Da gargaɗi za a yi mata. Ta ce ita ce, kai ma kana zaune ba ka musa ba, haka na rubuta. Takarda ta wuce. An ɗauki wani. Sauran cibiyoyi ma sun ji."

"Tambayoyin fa?"

"Suna nan. Ba mu da waɗanda suka fi su. Sunanta kawai aka cire."

Na ɗauki ambulan ɗina na fito. A shago na sa shi a murhun da nake narka gam.

Yanzu yaran unguwa Uwata take koya wa karatu a barandar gidanta, da allo da alli. Mijinta yana gaishe ni a hanya, a taƙaice. Auta yana nan, yana tashi da hantsi.

Ba ta daina zuwa ba. Kowace Asabar bayan azahar tana zuwa, ta rusuna a bakin ƙofar shago.

"Ina wuni, Baba. Ya aiki?"

"Lafiya. Ya yaran?"

"Suna gaishe ka."

Shi ke nan. A daidai inda take raɓewa tana 'yar shekara shida take tsayawa. Sau ɗaya na ce ta shigo, na share benci.

"Akwai ƙura, Baba," ta ce. "Sai wani satin."

Akwai kalma ɗaya da ya kamata in faɗa mata. Tana nan a maƙogwarona kamar ƙusar da ta lanƙwashe a cikin katako, ba ta shiga, ba ta fita. Ban taɓa faɗa wa wanda na haifa ita ba. Kowace Asabar ina cewa yau, sai in ji bakina yana tambayar yara.

Ɗan mai walda na roƙa ya sa min tambayoyin a wayata. Bai tambaye ni dalili ba, ubansa ya koya masa ladabi. Ya nuna min inda zan taɓa, sau biyu, ya tafi aiki da rigarsa mai tambari.

Da tsakar rana, in shago ya yi shiru, nakan zauna a kan bencin in buɗe ta ɗaya. Ga katako, ga fensir, ga zarto. Yatsana ya yi kauri, da ƙyar wayar take jin sa. In yi layi a ashirin. In yi a arba'in, da sittin, da tamanin. In ja zarto.

Ja ya fito.

"Ajiye zarto," ta ce. "Shi ma zarto yana cin rabonsa. Auna ɗaya, yanka ɗaya."

A ƙarshen maganar akwai 'yar dariyar da ta danne ranar nan, a bayanta kuma gudumata. An ce manhajar tana rubuta komai. To, ta rubuta.

In ta gama, sai in goge, in sake yin layi huɗu.